Haɗa Gashi da Magani Mai Saiti Wajen Jiyyar Sankarar Bangon Tumbi da Hanji



Laccar yau ta shafi wata cuta ce wadda ba kasafai ake jin sunanta ba ko a bakin likitoci, balle a bakin sauran jama'a. Cutar kuwa wani irin ƙari ne mai tsirowa a cikin bangon tumbi ko na hanji, wanda likitocin duniya suka taƙaita dogon sunansa da haruffa huɗu, watau GIST. A cikin mutum miliyan ɗaya, waɗanda yakan kama a shekara ba su wuce 10 zuwa 15 ba, saboda haka ba don yawan masu fama da shi aka tara jama'a ba. Dalilin shi ne, tun da daɗewa an yanke wa wannan ƙari wani hukunci, aka rubuta a littattafan koyar da likitoci, ɗalibai suka haddace, cewa ba ya jin gashi. Yanzu kuwa an dawo ana sake duban hukuncin nan, kuma abin da ya fi komai jawo haka wata 'yar ƙwayar magani ce da ake haɗiya da ruwa sau ɗaya a yini.

Kafin a yi nisa, ya kamata a daidaita kalmomi, don kada a yi ta tafiya kowa da abin da yake nufi. Bahaushe yana da "ƙari", watau duk wani tsiro ko dunƙule da ya fito a jiki ba bisa ƙa'ida ba. Yana da "sankara", kalmar da fataken goro suka sani sarai, domin ita ce kan ci goro ta ciki, a ga bayansa lafiya lau, sai an ɓare a tarar da ɓarna. Yana kuma da "ciwon daji", ga kuma "kansa" da aka aro. A wannan lacca, idan an ce ƙari ana nufin dunƙulen kansa, idan kuwa an ce sankara ana nufin cutar baki ɗaya, musamman bayan ta fara yaɗuwa. Kalmar "gashi" ita ce majinyata da ma'aikatan asibiti suka saba da ita wajen kiran jiyyar da ake yi da haske mai ƙarfi, wanda ido ba ya gani amma yana ratsa jiki. Kada a rikita shi da gashin ƙashi, wanda aikin motsa gaɓoɓi ne. Kalmar ma tana da nata laifin, gama takan sa majinyaci ya tuna da sakiya da jan ƙarfe, alhali kuwa wanda ke kwance ƙarƙashin na'urar ba ya jin zafin komai a lokacin. Shi kuwa "magani mai saiti", shi ne maganin da aka ƙera domin ya nufi wani lahani guda ɗaya tak a cikin ƙwayar cutar, kamar yadda maharbi kan saita bindiga a kan nama guda a cikin garke.

Asalin cutar

Bangon tumbi da na hanji hawa-hawa ne. Daga can ciki akwai lallausar fatar da abinci ke gogawa, kuma daga ita ne mafi yawan sankarar tumbi da ta babban hanji ke tasowa. Bayanta akwai tsokar da ke matsa abinci tana tura shi gaba. To, a tsakanin tsokar nan akwai waɗansu ƙwayoyin halitta masu rassa, waɗanda wani masani ɗan ƙasar Sifen, Santiago Ramón y Cajal, ya fara bayyanawa a ƙarshen ƙarni na 19. Shi ne wanda ya sami lambar Nobel a 1906 saboda aikinsa a kan jijiyoyi, kuma har yau da sunansa ake kiran ƙwayoyin. Aikinsu ya yi kama da na makaɗin gayya. Makaɗi ba ya riƙe garma, amma kiɗansa ke sa manoma su ɗaga tare su sara tare. Haka ƙwayoyin Cajal ke ba tsoka kiɗa, tumbi yana matsawa kamar sau 3 a minti ɗaya, farkon ƙaramin hanji kuwa kamar sau 12.

A jikin fatar kowace ƙwaya daga cikinsu akwai wani furotin mai suna KIT, wanda yake tsaye kamar dogari a bakin zaure, rabinsa waje rabinsa ciki. Idan saƙo ya zo daga waje sai ya isar da umurni ciki, cewa ƙwayar ta rayu ta kuma rabu gida biyu. Idan saƙo ya yanke sai ya yi shiru. A shekarar 1998 Seiichi Hirota da abokan aikinsa a Jami'ar Osaka ta ƙasar Japan suka gano cewa a cikin wannan ƙari dogarin ya sami tangarɗa: yana ta isar da umurni dare da rana ba tare da an aiko shi ba. Daga nan ƙwaya ta yi ta rabuwa, har ta zama dunƙule. Irin wannan tangarɗa ta KIT ita ce sanadi a cikin kashi 75 zuwa 80 bisa 100 na majinyata. A 2003 aka gano cewa a cikin waɗansu kamar kashi 10 laifin na wani ɗan'uwansa ne mai suna PDGFRA. Ba a cika gadon tangarɗar daga iyaye ba, tana aukuwa ne a cikin rayuwar mutum, kuma ba a ɗaukarta daga wani.

Cutar ta fi kama waɗanda suka haura shekara 50, maza da mata kusan daidai. Kamar kashi 60 bisa 100 a tumbi take fitowa, kamar kashi 30 a ƙaramin hanji, saura kuwa a babban hanji da dubura da maƙoshi. Idan an same ta da wuri tana wuri guda, aikin tiyata ne maganinta, kuma mutane da yawa sukan rabu da ita har abada. Wadda ta yi nisa ita ce wadda ba ta ciruwa, ko wadda ta riga ta watsu. Wurare biyu ta fi son zuwa, watau hanta da kuma tantanin da ya lulluɓe kayan ciki, inda takan warwatsu kamar an watsa iri. Jefi-jefi takan kai ƙashi ko huhu.

Hukuncin farko

Kafin shekarar 2000, wanda sankararsa ta watsu ba shi da wata madafa. Magungunan kemo da ake yi wa sauran ire-iren sankarar tsoka da su ba sa rage wannan ƙari sai a cikin ƙasa da mutum 1 daga cikin 10. Rabin majinyata ba sa wuce shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. An gwada gashi nan da can, ba a ga abin kirki ba, sai aka rufe littafi a kan cewa ƙarin ba ya jin sa.

Amma yana da kyau a tambaya, a wane hali aka yanke wannan hukunci? Da farko dai, a lokacin ba a ma san cutar da sunanta ba. Har zuwa 1983, lokacin da Mazur da Clark suka ba ta suna na dabam, ana lissafa ta ne a cikin ƙarin tsokar hanji, kuma sai bayan 1998 aka sami tabbatacciyar hanyar rarrabe ta a ɗakin gwaji. Watau tsofaffin rahotanni sun haɗa cututtuka dabam-dabam a kwando ɗaya. Sa'an nan ga matsalar wurin da ƙarin yake. Ana auna gashi da wani ma'auni da ake kira gire, wanda aka sa wa sunan wani masani Bature ɗan Ingila, Louis Harold Gray. Sankarar tsoka takan buƙaci gire 60 ko fiye. Ƙaramin hanji kuwa ba ya jure fiye da 45 zuwa 50, hanta baki ɗayanta kamar 30, ƙoda kamar 20. Ƙarin da ke zaune a tsakiyar waɗannan, likita ba ya iya ba shi abin da zai kashe shi ba tare da ya huda hanji ko ya lalata ƙoda ba. Daɗin daɗawa, kayan ciki ba sa zama wuri guda, suna motsi da numfashi da cin abinci, alhali hotunan da ake saiti da su a zamanin ba sa nuna ƙarin sosai. Abu na ƙarshe, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne cewa gashi maganin wuri guda ne. Idan an gasa dunƙule ɗaya a cikin ciki mai dunƙule 30, sauran 29 za su kashe majinyaci a kan lokacinsu, kuma ba mai lura ko wanda aka gasa ɗin ya tsaya ko bai tsaya ba. Lalle akwai ƙamshin gaskiya a hukuncin, domin ƙarin ba ya narkewa da gashi kamar yadda waɗansu ire-iren sankara ke yi. Sai dai an faɗe shi da ƙarfin da ya zarce shaidar da ke hannu.

Matar Helsinki

A farkon shekarun 1990, a ɗakunan binciken kamfanin Ciba-Geigy da ke birnin Basel na Suwizalan, wanda daga baya ya shiga cikin kamfanin Novartis, an haɗa wani magani domin wata irin sankarar jini. Brian Druker, likita a jihar Oregon ta Amurka, shi ya jagoranci gwada shi a kan mutane daga 1998, kuma a 2001 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da shi. Sunansa imatinib, sunan kasuwa kuwa Glivec. Masu bincike sun lura cewa ban da furotin ɗin sankarar jini, maganin yana kuma toshe KIT.

Yadda yake yin haka ba shi da wuyar ganewa. Kafin KIT ya isar da umurni, sai wani sinadari mai ba da ƙarfi ya shiga wani gurbi a jikinsa, kamar yadda mabuɗi ke shiga kwaɗo. Imatinib yakan riga shi shiga wajen gurbin ya toshe, dogari ya yi shiru. Magungunan kemo na dā suna bugun duk ƙwayar da ke saurin rabuwa, mai cuta da marar cuta, shi ya sa gashin kai ke zubewa jini ya ragu. Wannan kuwa tushen ɓarnar ya nufa.

A watan Maris na 2000, a birnin Helsinki na ƙasar Finlan, likita Heikki Joensuu ya ba wata mata mai shekara 50 wannan magani. An riga an yi mata tiyata sau da yawa, an yi mata kemo, ƙarin ya cika mata hanta, ba abin da ya saura. Ta fara shan miligiram 400 kullum. Cikin wata ɗaya girman dunƙulen hantarta ya ragu da kusan rabi, hoton da ke nuna inda ƙari ke cin sukari kuwa ya nuna wuraren sun mutu murus. An buga labarinta a 2001. Gwajin da ya biyo baya a Amurka da Finlan ya ƙunshi majinyata 147: fiye da rabinsu ƙarin ya ragu sosai, fiye da kashi ɗaya bisa huɗu kuma ya tsaya cik. A watan Fabrairu na 2002 aka amince da maganin domin wannan cuta. Da aka ci gaba da bibiyar mutanen nan, sai aka tarar rabinsu sun kai wata 57 ko fiye, watau kusan shekara biyar, a cutar da a dā shekara ɗaya da rabi ma kan yi wuya.

Inda maganin ke gazawa

To, amma fa imatinib ba ya kashe ƙarin duka. Yakan kashe da yawa, ya sa saura barci. Likitocin Faransa sun gwada dakatar da shi ga waɗanda suka sha shekara ɗaya suna lafiya, kuma a rahoton da suka bayar a 2007 mafi yawan waɗanda aka dakatar wa cutar ta dawo musu, rabinsu cikin kamar wata shida. Saboda haka mai sankarar da ta watsu ba ya barin maganin don ya ji sauƙi.

Ko da ana sha ba fashi, bayan kamar shekara biyu rabin majinyata sukan ga cutar ta sake motsi. Dalilin kuwa shi ne a cikin miliyoyin ƙwayoyin da ke barci, wata takan sami tangarɗa ta biyu a jikin KIT, wadda ke sake siffar gurbin, har maganin ya kasa shiga. An canja kwaɗo ke nan, tsohon mabuɗi ya tashi aiki. Domin haka aka ƙero waɗansu magungunan. Sunitinib ya fito a 2006, kuma a gwajinsa ya riƙe cutar kamar mako 27, alhali waɗanda ba su sha ba mako 6 kawai suka yi. Regorafenib ya biyo baya a 2013 da kusan wata 5. A 2020 aka sami ripretinib mai kamar wata 6, da kuma avapritinib domin wata tangarɗa ta PDGFRA wadda imatinib ba ya taɓawa tun asali. Mai sauraro zai lura cewa na farko shekaru yake bayarwa, na bayansa kuwa watanni. Su ma na bayan, musamman sunitinib da regorafenib, sun fi wahalar da jiki: hawan jini, gudawa, gajiya, da saɓulewar fatar tafin hannu da na ƙafa.

A nan ne gundarin maganar yau yake. Ita tangarɗa ta biyu ba ta aukuwa a dukkan dunƙulen lokaci guda. A cikin ƙwaya ɗaya take farawa, a dunƙule ɗaya. Sau da yawa likita yakan duba hoton ciki ya ga dunƙule 9 suna kwance yadda aka bar su, na 10 kuwa wani sabon tsiro ya ɓullo a tsakiyarsa, ƙari a cikin ƙari. Har ma an sha samun mutum ɗaya da tangarɗa iri dabam-dabam a dunƙule dabam-dabam. Yanzu yaya likita zai yi? Idan ya sake magani saboda dunƙule ɗaya, ya yar da maganin da ke riƙe da guda 9, ya kuma ci ɗaya daga cikin 'yan matakan da suka rage wa majinyaci. Idan ya bari, mai tawayen zai yi ta girma. Abin da hankali zai kawo shi ne a bar maganin ya ci gaba da tsaron sauran, a nemi wata hanya ta dabam domin wannan guda ɗaya. Idan yana ciruwa a cire shi da tiyata. Idan ƙarami ne a cikin hanta, ana iya soka masa allura mai zafi a ƙone shi, ko a toshe jijiyar da ke kai masa jini. Idan kuwa yana inda wuƙa ba ta kaiwa, ko majinyaci ba zai iya jure tiyata ba, sai a waiwayi gashi. Maganin da ya tsawaita rai shi ya samar wa gashi aikin da ba shi da shi a dā, domin sai mutum yana da shekaru a gabansa sa'an nan tsayar da dunƙule ɗaya zai yi masa amfani.

Komawa ga gashi

Shi kansa gashin bai tsaya inda yake ba. Tun da Röntgen ya gano hasken nan mai ratsa jiki a Jamus a 1895, ka'idar ba ta sake ba: hasken yana kakkarya kundin gadon da ke cikin ƙwayar halitta, ƙwayar ta kasa rabuwa ta mutu. Ƙwaya mai lafiya ta fi mai cuta iya gyara kanta, shi ya sa ake rarraba gashi kaɗan-kaɗan a kwanaki da yawa. Abin da ya sake shi ne saiti. Injin kobal ya fara aiki a Kanada a 1951, injin lantarki mai harba hasken kuwa a Landan a 1953. Daga baya aka sami hoton da ke nuna jiki yanki-yanki, aka haɗa shi da kwamfuta, har ya zama ana iya lanƙwasa hasken ya bi siffar ƙari ya kauce wa hanji da ƙoda. A farkon shekarun 1990 likitocin asibitin Karolinska na birnin Stockholm suka fara harba gashi mai yawa daga kusurwoyi da dama zuwa ɗan ƙaramin wuri a cikin jiki, a zama uku zuwa biyar kacal. Akwai ma injinan da ke bin numfashin majinyaci.

Mece ce shaidar da ke hannu? A 2013 likitocin asibitin Memorial Sloan Kettering na birnin New York sun koma cikin fayilolinsu suka tattara majinyata 15 da aka gasa wa dunƙule 22, waɗansu suna shan magani mai saiti a lokacin. Daga cikin dunƙule 18 da ke jawo ciwo ko wata damuwa, 17 an sami sauƙi, 8 ma damuwar ta gushe ɗungum. A 2015 kuma, Joensuu ɗin nan dai na Helsinki da abokan aikinsa suka ba da rahoton gwajin da aka tsara tun daga farko, wanda ya ƙunshi mutum 25 da cutarsu ke ci gaba duk da magani. An ba dunƙulen da aka zaɓa gashi har kamar gire 40, ana rarrabawa kamar 2 a kullum, ba tare da an sake maganin da suke sha ba. Mutum 2 kaɗai ne dunƙulensu ya ragu sosai. Amma mutum 20 nasu ya tsaya cik wata uku ko fiye. Abin da ya fi jan hankali shi ne, a matsakaicin lissafi dunƙulen da aka gasa ya yi wata 16 kafin ya sake girma, alhali cutar ta motsa a wani wurin dabam cikin wata 4.

Alƙaluman nan biyu, 16 da 4, dole a karanta su tare. Na farko ya rushe maganar cewa ƙarin ba ya jin gashi ko kaɗan. Na biyu ya nuna iyakar abin: gashi ya riƙe inda aka saita shi, cutar ta zagaya ta ɓullo ta wata ƙofa. Duk wanda ya ɗauki 16 ya manta da 4 zai yi wa majinyaci alkawarin da ba zai cika ba. Wanda kuma ya ce tun da haka ne ba amfani, lalle bai taɓa zama kusa da mai ƙari a ƙashin baya ba, wanda ba ya iya juyawa a kan gado, ko wanda ake ƙara wa jini mako-mako saboda dunƙulen da ke tsiyaya.

Wuraren da haɗin ya fi dacewa su ne inda ƙarin yake a kafe ba ya yawo: ƙashi, bangon ciki, hanta, da ƙugu. Ƙarin dubura yana da nasa matsayi, domin cire shi da tiyata kan iya raba mutum da mafitar bayan gida, a buɗe masa wata a gefen ciki. A can, abin da aka saba shi ne a fara da imatinib wata shida zuwa shekara don ƙarin ya ragu, kuma an sami 'yan rahotanni na ɗaiɗaikun majinyata da aka ƙara musu da gashi. Akwai kuma wata dabara ta hanta, inda ake tura ƙananan duwatsu masu fitar da haske ta cikin jijiyar jini su maƙale a cikin ƙarin su gasa shi daga ciki, ko da yake waɗanda aka yi wa haka a wannan cuta kaɗan ne.

Haɗin yana da haɗarinsa. Imatinib dai, a rahotannin da aka ambata, bai ƙara wa gashi wata illa mai yawa ba. Sunitinib da regorafenib kuwa, ban da KIT, suna hana jiki tsiro da sababbin jijiyoyin jini, kuma da waɗannan jijiyoyi ne hanjin da gashi ya taɓa ke warkewa. An ga hudewar hanji da zubar jini a cikin masu waɗansu ire-iren sankara da aka haɗa wa gashi mai ƙarfi da magunguna irin waɗannan, saboda haka likitoci da yawa sukan dakatar da su 'yan kwanaki kafin gashi da bayansa. Wannan shawara ce ta likitan sankara da likitan gashi da likitan tiyata a zaune tare, ba ta mutum ɗaya ba, balle ta majinyaci shi kaɗai. Sa'an nan gwaje-gwajen biyu ƙanana ne, mutum 15 da mutum 25, kuma a cikinsu ba a raba majinyata gida biyu ta hanyar ƙuri'a an gwama masu gashi da marasa gashi ba, wanda shi ne ma'aunin da likitanci ya fi yarda da shi. Ƙarancin masu cutar ya sa tara mutanen da za su isa irin wannan gwaji ke da wuya. Shi ya sa ƙungiyar likitocin sankara ta Turai, a cikin jagorarta, ba ta wuce cewa ana iya yin gashi domin sauƙaƙa wahala ga zaɓaɓɓun majinyata ba. Wannan taka-tsantsan daidai ne.

A ƙasar nan

Mai sauraro zai iya cewa, duk wannan labarin Helsinki da New York ne, ina ruwan mutumin Kano ko Maraɗi? Ruwansa yana farawa ne tun daga suna. A ƙasar Hausa kusan duk ciwon ciki mai daɗewa akan kira shi olsa, watau gyambon ciki, a yi ta sayen magani a kemis wata da watanni. Alamun wannan ƙari kuwa, wato baƙin bayan gida, da aman jini, da ƙarancin jini, da saurin ƙoshi, da nauyin ciki, duk suna kama da na gyambo. Ba a rarrabewa sai an leƙa ciki da na'ura ko an ɗauki hoto, a gutsuro ƙarin a kai ɗakin gwaji a rina shi da sinadarin da ke nuna KIT. In ba a yi wannan rini ba, ana iya yi wa mutum kemo marar amfani, alhali akwai ƙwayar da za ta ba shi shekaru.

Ita ƙwayar ba ta gagara kamar dā ba. Daga 2003 Asibitin Koyarwa na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife ya zama cibiyar da aka riƙa ba da imatinib kyauta a Nijeriya, ƙarƙashin wani shiri na Novartis da gidauniyar Max, ko da yake ga mutumin Arewa tafiyar ba kusa ba ce. A 2013 Kotun Ƙoli ta Indiya ta hana kamfanin haƙƙin mallakar maganin a ƙasarta, abin da ya ba kamfanonin Indiya damar ci gaba da yin nasu mai araha. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin magungunan da ya wajaba kowace ƙasa ta tanada. Wannan jeri abin dubawa ne ga duk ma'aikacin da ke rubuta kasafin sayen magunguna, tare da tuna abin da gwajin Faransa ya nuna game da yankewar magani.

Injinan gashi sun fi ƙwayar wuyar samu. An kafa sassan gashi a asibitocin koyarwa na Zariya da Sakkwato da kuma Asibitin Ƙasa na Abuja, a Jamhuriyar Nijar kuwa sai a 2021 aka buɗe na farko a Yamai, da taimakon hukumar makamashin nukiliya ta duniya. Gashi mai bin numfashi, na zama uku zuwa biyar, yana buƙatar inji na musamman da ƙwararrun masana awo da lantarki marar yankewa. Amma aikin da shaida ta fi ƙarfi a kansa, watau rage ciwon ƙashi da tsayar da jini, inji na yau da kullum ma yana yin sa. A gwaje-gwaje manya da aka yi a kan ciwon ƙashi na ire-iren sankara dabam-dabam, gire 8 a zama ɗaya ya rage ciwo daidai da gire 30 a zama 10, ko da yake masu zama ɗaya sun fi buƙatar a maimaita musu daga baya. Ga wanda aka ɗauko daga ƙauye a bayan mota, tare da mai jinya da kuɗin masauki da na abinci, bambancin ke nan tsakanin kwana ɗaya a birni da mako biyu.